Tambaya Da Amsa: Albashina A Titin Keffi Yake Karewa

Jama'a assalamu alaikum. Sakonnin da suka shigo wannan makon kusan duk a kan abu daya suke, albashi da kudin mota, shi yasa na hade su waje daya. Kamar kullum na cire sunayen mutane da na wuraren aikinsu.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah inaso ka bani shawara dan abun ya isheni. Ina aiki a sito na wani kamfani mai zaman kansa a Wuse cikin Abuja shekara hudu kenan, amma a Masaka ta jihar Nasarawa nake zaune da iyalina dan nan ne karfina ya kai na kama daki biyu. Karfe biyar nake fita, sallar asuba ma wani lokacin a bakin hanya nake yinta, na hau mota zuwa Nyanya na sake hawa wata zuwa Berger ko kasuwar Wuse, da yamma kuma in mun tashi karfe biyar bana isa gida sai tara saboda gosulon da ake yi tun daga AYA har Mararaba sai wanda ya gani. Albashina dubu 110, kudin mota kullum 2,400 zuwa da dawowa kuma har Asabar muna aiki. Yarana in zan fita suna barci in na dawo suna barci. Na samu oga nace a duba min ko na mota ne a kara, sai yace wai shi bai ce naje na zauna a Masaka ba, kuma abun da ake biya a layinmu kenan. To Malam wai waye yake yanke albashin nan ne? Ba a lissafa nisan gidan mutum? Doka bata ce komai ba? Daga dan'uwanka a Masaka.

AMSA: Wa alaikumus salam dan'uwa, Allah ya kawo sauki. Bari mu fara da lissafinka kafin mu je kan doka, dan nasan da yawa masu karanta wannan filin basu taba zama sun buga nasu ba. Kwana 26 kake fita a wata, 2,400 sau 26 ya kama 62,400, kaga sama da rabin albashin ya tafi a hanya kafin ka sayi ko kwanon masara, abun da ya rage maka 47,600. A takarda awa tara kake aiki a rana, wato ana biyanka wajen naira 470 duk awa. Amma kai daga biyar na asuba zuwa tara na dare awa 16 ne aikin nan ya cinye maka, in ka raba abun da ya rage da wadannan awannin zaka ga naira 114 kake samu a awa daya. Wannan shine albashinka na gaskiya, kuma da wannan lissafin nake so ka rika auna duk wani aiki da za a maka tayi nan gaba.

Maganar doka kuma, ba zan boye maka ba, bata tare da kai a nan. Dokar kwadago ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1974, ta yi maganar abun hawa a sashe na 14, amma abun da tace shine in aka tura ma'aikaci daga inda ya saba aiki zuwa wani wurin aikin mai nisan kilomita 16 ko fiye, to dole a bashi mota kyauta ko a bashi kudinta. Daga gidanka zuwa sito kuwa babu ruwanta, ko daga Akwanga kake tasowa.

To waye yake yanke albashi? Akwai kasa, akwai abun da ke sama da kasa. Kasan shine mafi karancin albashi, shi kuma gwamnatin tarayya ke sa shi da doka bayan an zauna bangare uku, gwamnati, masu daukar aiki irin su kungiyar NECA, da kungiyoyin kwadago NLC da TUC. Na farko a 1981 ne lokacin Shagari, naira 125, shi ma sai da NLC ta Hassan Sunmonu ta tafi yajin aiki kafin a samu. Obasanjo ya kai shi 5,500 a 2000, Jonathan 18,000 a 2011, Buhari 30,000 a 2019, sai Tinubu ya sa hannu a kan 70,000 a watan Yulin 2024. Kuma in ka tuna yanda aka yi wannan na karshen zaka gane komai, an kafa kwamiti mai mutum 37 karkashin Bukar Goni Aji, 'yan kwadago suka bude da 615,000 suka ce sun lissafa abinci da haya da mota da wuta da makaranta, gwamnati ta bude da 48,000, aka yi ta ja, ranar 3 ga Yuni aka shiga yajin aiki har aka kashe wutar kasa baki daya aka rufe filayen jirgi, kwadago suka sauko 250,000 gwamnati ta hau 62,000, daga karshe a fadar shugaban kasa aka tsaya a 70,000 da sharadin za a rika dubawa duk shekara uku maimakon biyar. Kaga ai ciniki ne aka yi irin na kasuwar kara, kowa da iya karfinsa, lissafin bukatar ma'aikaci da aka shigo da shi tun a zaman farko aka ajiye shi gefe.

Sama da wannan kasan, a kamfani mai zaman kansa irin naku, babu wani ma'auni da aka rubuta. Da oga yace maka abun da ake biya a layinku kenan, ya fada maka gaskiyar yanda ake yi ne, ana duba nawa makwabta ke biya, nawa kamfanin ke samu, sannan babbar tambayar da ba a fada a fili, in wannan ya tafi nawa wanda zai zo bayansa zai yarda ya karba. Tunda akwai samari da takardu a hannu da za su karbi dubu 90 gobe da safe, shi yasa yake da bakin da zai maka wannan amsar.

Amma maganarsa ta cewa bai ce ka zauna a Masaka ba, ita ce ta tsaya min a rai, dan bata yi adalci ba ko kadan. Waye ya zabi Masaka dan sha'awa? Albashin da yake baka ne ya zaba maka ita. Da dubu 110 ko daki daya a Wuse ko Garki ba zaka iya kamawa ba kuma shi ma ya sani, garin an gina shi ne yanda masu shara da masu gadi da direbobi da 'yan sito za su shigo da safe su fita da dare, unguwannin talakawa da ke kusa irin su Idu da Karmo an rushe da yawa a shekarun da El-Rufai ke ministan Abuja, mutane suka watsu zuwa Nasarawa da Neja, an hana acaba a cikin gari tun 2006, kananan bas din nan da ake kira araba su ma aka kore su daga tsakiyar gari a 2013, jirgin kasan cikin gari da aka sake budewa a 2024 ya bi ta Idu zuwa filin jirgi da Kubwa, bangarenku na Nyanya da Mararaba inda jama'a suka fi yawa ko layi daya babu. Sai kuma man fetur. A 2011 lita tana naira 65, mafi karancin albashi na sayen lita 276. A 2019 tana 145, yana sayen lita 206. Bayan an cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a karshen 2024, dubu 70 din nan ko lita 70 bata kai ba. Arhar hayar da kamfanin oga ke cin moriyarta, dan da ita ce yake iya biyanka kadan, kai ne kake biyanta da barcinka da lafiyarka a gangaren Kugbo.

Wasu kasashen sun gane haka tuni. A Faransa dole mai kamfani ya biya rabin kudin katin bas ko jirgin ma'aikacinsa, a Birazil tun 1985 suke da tsarin da ma'aikaci ba ya kashe fiye da kashi 6 cikin dari na albashinsa a mota, sauran na mai aiki ne. Mu namu 'yan kwadagon duk karfinsu a kan lamba daya suke karar da shi, ni kam da zan samu kunnensu da na ce zama na gaba a sa maganar mota a cikin dokar kanta.

Yanzu me zaka yi. Kar ka sake komawa wajen oga kai kadai, ka nemi abokan aikinka da ke zuwa daga Mararaba, Ado, One Man Village da Masaka, nasan ba za a rasa biyar ko shida ba, ku rubuta takarda daya cikin ladabi ku sa lissafin kowa. Kuma kar ku tsaya a kan a kara albashi kawai dan ita ce kalmar da ke sa masu kamfani toshe kunne, ku bashi abubuwan da zai iya cewa eh. Misali a bar ku ku shigo bakwai ku tashi uku da rabi kafin hanya ta cushe, wannan ko sisi ba zai ci masa ba amma kai zai dawo maka da awa biyu a rana. Ko Asabar a rika yinta karba karba. Ko kamfani ya yi jinga da bas daya ta dauke ku a gadar Mararaba, a cire wani abu kadan a albashi. Ko a ware alawus na mota daban wanda za a rika dubawa in mai ya tashi. Ka tuna masa a hankali cewa shekara hudu kana rike da makullin sito ba a taba neman ko kwali daya an rasa ba, in hakan ne, dan amana ita ce abun da sabon yaro mai karbar dubu 90 ba zai zo da ita ranar farko ba, kuma nan ne karfinka yake.

Sannan ka bude ido a bangarenku. Aikin dubu 75 a Mararaba ko Karu wanda zaka kashe 600 a rana zai bar maka wajen 59,000, ya fi wanda kake yi yanzu da sama da dubu goma, ga yaranka za su ganka da rana. Sai dai ka duba ko akwai fansho da asibiti a inda kake wanda can babu, kuma kar ka ajiye wannan sai waccan takardar ta shigo hannunka.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni mace ce ina da yara uku, mijina ya rasu, ina aiki a wata masana'anta a Sharada nan Kano bangaren daure kaya, gidanmu kuma a Bachirawa. Adaidaita biyu nake hawa wani lokacin uku. Dubu 48 ake bamu a wata kuma in ka makara ko da minti goma ne sai a cire maka 1,000, watan jiya dubu shida aka cire min alhalin bana tashi sai na gama aikina. Naji ance gwamnan Kano yace mafi karanci dubu 71, to mu bamu ciki ne? Kuma wannan cirewar halal ce a doka? Ina tsoron magana kar a koreni.

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya jikan maigidan ya raya marayu. Dubu 71 din da gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanar a 2024 na ma'aikatan gwamnatin jiha ne, kamar yanda Kaduna ta sa 72, Neja 80, Legas 85. Wanda ya hau kan kamfanoni shine na tarayya, dubu 70, kuma ya shafe ku in dai wurin yana da ma'aikata 25 ko fiye, masana'anta a Sharada kuwa da wuya ace bata kai haka ba. Wadanda dokar ta cire sune kananan wurare masu kasa da mutum 25, masu aikin rabin lokaci, masu aikin gona na damina, da wadanda ake biya da kamasho ko da yawan abun da suka yi. Ta wannan kofar ta karshe da yawa suke zillewa, sai a ce ai ku 'yan jinga ne, ko a ce ba kamfani ne ya dauke ku ba wani dan kwangila ne ya kawo ku. Shi yasa abu na farko ki duba, an baki takardar daukar aiki? Doka ta ce cikin wata uku da fara aiki dole a ba ma'aikaci takarda mai dauke da sunan wanda ya dauke shi, irin aikin, albashi da awannin aiki. In sunan dan kwangila ne a kai to shi ma doka ta hau kansa, ba wai an tsira bane.

Cire 1,000 saboda makarar minti goma kuwa tara ce, kuma sashe na 5 na dokar kwadago ya hana mai aiki cin ma'aikaci tara daga albashinsa. Abun da aka yarda shine in ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko da sakaci a cire wani abu daidai misali, shi ma sai da izinin jami'in kwadago a rubuce. Ki lissafa ma ki gani, yininki gaba daya bai kai 2,000 ba, a ce minti goma ya ci rabinsa, wannan zalunci ne karara kuma a kan dukiyar marayu.

Tsoronki kuma yana kan hanya, ba zan ce miki ki je ki buga tebur ba dan dokar da ta hana tara bata hana su sallamar mutum da notis ba, wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba notis din sati daya ne kacal. Ki fara da tara shaida shiru, duk takardar albashi ko sakon banki na kowane wata ki ajiye, ki rubuta ranakun da aka cire da nawa aka cire a dan littafi. Ki ji ko akwai kungiyar kwadago a masana'antar, in babu ku hadu ku da yawa ku kai kuka ofishin ma'aikatar kwadago ta tarayya da ke Kano, ko hukumar karbar korafe korafen jama'a, duk kyauta ne kuma kuna iya rokon kar a bayyana sunayenku. In ta kai ga shari'a akwai kotun ma'aikata ta kasa tana da reshe a Kano. Kafin nan ki nemi matan da kuke hanya daya ta Kurna da Bachirawa ku kama mai adaidaita daya na wata, ya dauke ku kai tsaye ba sauka da hawa, yawanci ya fi arha kuma makarar zata ragu.

TAMBAYA: Ranka ya dade ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne mataki na 8, ofishinmu a sakatariya, iyalina a Suleja. Da na ga kudin mota zai kasheni sai na koma kwana a ofis daga Litinin zuwa Alhamis, mu hudu ne muke shimfida tabarma in kowa ya tafi, wanka a bandakin ofis kafin masu shara su zo. Abun da ke bani haushi abokina da muka fara aiki rana daya an kai shi Dutse ta Jigawa, albashinmu daya sak, shi da kafa yake zuwa ofis har ya sayi fili. Ya za ayi ace albashin Abuja da na Dutse daya? Uwargida kuma ta fara korafi tace ta zama kamar bazawara.

AMSA: Allah ya taimake ka Malam. Naka ya bambanta da na mutumin Masaka, kai albashinka a rubuce yake a jadawali, babu ogan da zai iya kara maka ko rage maka. Hukumar albashi ta kasa ce ke fitar da jadawalin, na ma'aikatan ma'aikatu shi ake kira CONPSS, likitoci na da nasu CONMESS, sauran ma'aikatan lafiya CONHESS, malaman jami'a CONUASS, kowanne mataki da sitef. Jadawalin mataki yake gani da shekarun aiki, baya ganin gari.

Da can ba haka abun yake da zafi ba saboda gwamnati na ba da gida, akwai kwatas a Garki da Wuse da Nyanya da Karu da Kubwa, ga motocin ma'aikata. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta kawo tsarin mayar da wadannan hakkokin kudi, wato maimakon a baka gida da mota sai a zuba maka kudinsu a albashi, daga 2005 aka fara sayar da gidajen gwamnati na Abuja, a 2007 kuma aka dunkule komai ya zama albashi guda. Wadanda ke cikin gidajen a lokacin da yawa sun saya sun huta, ku da kuka zo daga baya kuka tarar da lamba a takarda wadda haya ta wuce ta tun da dadewa. A Ingila ma'aikacin gwamnati da ke Landan yana da kari na musamman saboda tsadar garin, kuma ni a ganina Abuja da Legas da Fatakwal sun cancanci irin wannan, abu ne da kungiyarku ya kamata ta rike da karfi dan dubu 35 din da aka rika bayarwa na rage radadi bayan cire tallafi kowa aka ba daidai, na Dutse da na Suleja.

Akwai kuma hanyar rage kwanakin zuwa. Kaduna ta koma aikin kwana hudu tun Disambar 2021, Kwara da Edo sun taba rage wa ma'aikatansu zuwa kwana uku a 2023 da mai ya tashi. Ko ba a sanar a hukumance ba, sassa da yawa ana tsara karba karba a tsakanin ma'aikata da sanin darakta, ku hudun nan ku je ku same shi ku fada masa gaskiya a ina kuke kwana, ina kyautata zaton ba zai so a ji wannan a sashensa ba. In ma'aikatarku na da ofis a jihohi ka rubuta neman canjin wurin aiki, Minna ma ta ishe ka, mutane na ganin barin hedikwata kamar faduwa ne alhalin karin girma jarabawa ce da shekaru, zata same ka a duk inda kake.

Ita kuma uwargida tana da gaskiya, kar ka dauki maganarta a matsayin rashin godiya. Ka zaunar da ita ka nuna mata takardar albashin da lissafin motar Suleja zuwa sakatariya na wata, ku yanke tare, ko ka rika dawowa ranar Laraba ka raba satin biyu, kuma ku sa wa wannan zaman lokacin da zai kare. Kwanan ofis da tabarma a kan tayil ga sauro ga rashin abincin kirki, jiki na karba ne na dan lokaci.

TAMBAYA: Malam kanina yana gadi a wani kamfani, mota ta buge shi a Zuba yana tsallaka titi zai hau motar zuwa aiki, kafarsa ta karye biyu. Kamfanin sun ce ba a bakin aiki abun ya faru ba dan haka ba ruwansu. Haka ne?

AMSA: Subhanallah, Allah ya bashi lafiya. Ba haka bane, kuma wannan ne waje daya da doka ta lissafa hanya a cikin aiki. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce hatsarin da ya samu ma'aikaci a hanyarsa tsakanin wurin aiki da gidansa yana cikin abun da ake biyan diyya, in dai mai aikin ya san inda yake zaune. Hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ce ke biya, daga kashi 1 cikin dari na jimillar albashi da doka ta wajabta wa kowane mai daukar aiki ya rika zubawa, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Ku yi sauri dan akwai lokaci, ana so a sanar da kamfani cikin kwana 14, ku yi shi a rubuce ku rike kwafi, su kuma su kai rahoto hukumar cikin kwana 7, neman diyyar kuma cikin shekara daya. Ku ajiye rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye hadura, takardun asibiti, hoton kashi da duk rasit. In kamfanin suka ki, ko ya zamana basu taba zuba kudin ba wanda shine yawanci dalilin irin wannan amsar, ku tafi ofishin NSITF da kanku. In a wajen mai dori yake ku daure ku kai shi asibiti ko dan a samu takardar likita, babu ita maganar zata yi wuya.

TAMBAYA: Malam kullum kana bayan ma'aikata. Ni ina da gidan burodi da yara tara, dizal da fulawa da sukari sun ninka, in na biya kowa dubu 70 rufewa zan yi. Mu waye zai tausaya mana?

AMSA: Alhaji ina jin ka kuma nasan ba karya kake ba, masu kananan sana'a da yawa sun rufe a shekarun nan. Da yara tara dokar dubu 70 bata hau kanka ba, abun da ya rage tsakaninka da su ne da Allah, kuma ka san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Abun da zan roke ka, ka san inda kowannensu ke kwana da nawa yake kashewa kafin ya iso, ka tambaye su daya bayan daya. Motar da ke rabon burodi da asuba tana iya dauko na hanyarta in zata dawo. In akwai daki a bayan gidan burodin ka gyara shi da katifa da gidan sauro da makewayi mai kyau dan masu aikin dare su daina bin hanya karfe uku. Kudin mota ka rika bayarwa duk sati daban da albashi, ko 3,000 ne, dan yaro kar ya ci bashi a tsakiyar wata saboda zuwa aikinka. In zaka dauki sabo ka fara dubawa a unguwar. Ranar da ka kara kudin burodi kuma ka kara musu wani abu a ranar, suna gani ai, su ne suke daura ledar.

Mai tambaya a kan fansho da kudin gidaje da ake cirewa a albashi, da 'yar'uwar da ta rubuto daga Maradi, sakonninku sun iso, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.